Makon da Muka Yi Muna Jiran Auta Ta Faɗi

Lahadi, bayan la'asar

Na tsefe wa Auta kai. Kitson da na yi mata ranar Laraba, ƙanana-ƙanana, wanda ya cinye mini yini guda har bayana ya ƙage, yau ni ce dai na zauna na warware shi. Asibiti suka ce ta zo gobe da kai a tsefe, a wanke, ba mai ko ɗigo. Tun ina budurwa nake sana'ar kitso, ban taɓa sallamar mace da busasshen kai ba sai 'yar cikina.

Ta zauna tsakanin ƙafafuna kamar lokacin da take firamare, sai dai yanzu ita ma uwa ce. Ɗanta, angona ɗan wata bakwai, yana kan tabarma yana fama da babban yatsan ƙafarsa. Da ya gan ta sai ya washe baki, ya miƙo hannu biyu.

Ta ce, "Inna, yana so a ɗauke shi."

Na ce, "Yo ni hannu nawa gare ni? Ke ɗauke shi mana."



Tun ranar da ciwonta ya kayar da ita tana yi masa wanka ba ta ɗauke shi ba. Nono ma sai na riƙe mata shi, ita ta sunkuyo. Yaron lafiyarsa ƙalau, likitan yara ya duba shi ciki da bai ya ce ba abin da ya same shi. Ruwan bahon ma ba wani mai yawa ba ne, kuma Allah ya sa ina tsakar gida na ji shirun ya yi yawa. Shi ke nan. Ba zan ƙara rubuta zancen wankan ba.

Litinin, da hantsi

Ɗakin ƙarami ne. Gado ɗaya mai ƙarfe a gefe da gefe, an naɗe ƙarfen da soso. Kujera ɗaya tawa. Taga tana kallon inda ake shanya zannuwan gado. Can sama a kusurwa akwai kamara, baƙa, mai ɗan jan ido da ba ya mutuwa.

Wata mata mai jiki ta shigo da tire, ita ce mai haɗa wayoyi. Ta ɗauko awo irin na tela ta auna kan Auta daga goshi zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne, tana ɗiga jan fensir. Sannan ta riƙa tsaga gashin tana manna 'yan ƙarafa kamar maɓallan riga da wani gam mai warin tsiya. Na tsaya a kanta ina kallo, hannuna yana ƙaiƙayi.

Na ce, "Tsagarki ba laifi."

Ta yi dariya ta ce, "Mama, tawa ba ta ado ba ce."

Auta ta ce, "Inna, an ƙwace miki kwastoma."

Da ta gama ta tattara wayoyin ta bayan wuya kamar jelar gashi, ta cusa su cikin wata 'yar jaka, ta naɗe kan gaba ɗaya da bandeji. 'Yata ta koma kamar an yi mata rawani da gaggawa. Muka yi ta dariya har nas ta leƙo.

Litinin, bayan azahar

Likita ta zo. Siririya ce mai tabarau, maganarta a hankali. Ita ba ruwanta, sunan ta faɗa gatsau: farfaɗiya. Mu a gida tun Auta tana shekara goma sha ɗaya "abin" muke cewa.

Ta ce magani iri biyu Auta take sha, duk sun kasa riƙe shi. Ta ce ba za su ci gaba da lalube a duhu ba, suna so su ga daga wane gefen ƙwaƙwalwa yake tasowa. Wayoyin za su rubuta abin da ke faruwa a ciki, kamara ta ɗauki abin da jiki yake yi, sai a haɗa biyun. Don haka daga yau za su riƙa rage mata magani har ya zo.

Na ce, "Wato ku da kanku za ku kira shi?"

Ta ce, "Ƙwarai, Mama. Gara ya zo nan muna tsaye."

Ba ta ɓoye mini komai ba, wannan kam na yaba mata. Ta ce yana iya zuwa da ƙarfi fiye da yadda muka saba, shi ya sa aka sa wa Auta allura a jijiyar hannu, magani yana kusa. Ta ce yana iya ƙin zuwa sam, mu tafi hannu rabbana. Gadon kuma na mako guda ne, akwai masu jira.

Sai ta ba ni nawa aikin. In ya zo, in danna jan maɓallin da ke jikin gado. In yaye bargo. Kada in riƙe ta, kada in shiga tsakaninta da kamara. In matsa gefe, in riƙa faɗin abin da nake gani da ƙarfi don na'ura ta ɗauka, nas za ta zo ta kula da ita. Ta juya ga Auta ta ce ita ma duk abin da ta ji baƙo a jikinta, komai ƙanƙantarsa, ta danna.

Na ce to. Me zan ce?

Ita ba ta san a jakata akwai zane biyu ba. Shekara goma sha biyar ban fita da Auta ba tare da zane na daban ba. A kasuwa, a tashar mota, a bakin makaranta, kafin mutane su gama juyowa na riga na lulluɓe ta na kwanta a kanta. Na san yadda suke ja da baya suna tattare riguna saboda yawu. Ban yarda an kalli 'yata a haka ba.

Talata, da safe

Shiru.

Talata, da yamma

Shiru dai. Kai yana mata ƙaiƙayi, ba damar susa. Ina ɗan bubbuga mata bandejin da tafin hannu kamar yadda mata ke yi wa sabon kitso.

Banɗaki ne kaɗai kamara ba ta gani, shi ma an ce a bar ƙofa a buɗe, in tsaya a baki. Mace da ɗanta, da mijinta, tana fitsari uwarta na gadi. Ta ce, "Inna, ko waƙa ki riƙa yi mana, shirun ya fi ba ni kunya."

Na lura tun jiya nake zama a miƙe, ina gyara ɗankwali, saboda jan idon nan na sama. Ko hamma sai na rufe baki da hannu biyu.

Laraba, bayan sallar asuba

Na ɗaga hannu zan yi addu'a, bakina ya tafi inda ya saba: Allah ka tsare ta, Allah kada ya zo yau. Sai na tuna. Na tsaya da hannu a sama kamar mai jiran canji. Ta yaya uwa za ta buɗe baki ta ce Allah ka sa 'yata ta faɗi?

Na ce, Allah kai ka san abin da nake nufi. Na shafa.

Laraba, da la'asar

Yau sun gwada tsokanarsa. Mai wayoyi ta kawo fitila ta riƙa walƙa wa Auta a ido, ni da nake gefe ma sai da kaina ya sara. Sannan ta sa ta yin numfashi da sauri-sauri har leɓenta ya bushe. Ko gezau. Abin da yake zuwa ba sallama ranar da aka yi baƙi, yau an shimfiɗa masa tabarma ya ƙi shigowa.

Surukina ya kawo angona lokacin ziyara. Daga gareji ya wuce gidan yayarsa ya ɗauko shi, har da baƙin mai a farcensa. Yaron ya kalli farin kan nan ya ƙwalla ƙara, ya cusa fuska a wuyan ubansa. Auta ta yi murmushi, irin wanda na sani.

Ta ce, "Ka ga ma ya huta."

Surukina ya ce, "Haba, ai bandeji ne bai gane ba. Yi masa magana ki gani."

Ta kira shi da sunan da take kiransa. Ya juyo, ya yi mata ƙuri, sai ga hannu ya miƙa. Ni na karɓe shi na riƙe mata ya sha nono, yana sha yana laluben wayoyi zai tsinka. Hannuwanta suna kan cinyarta duk tsawon lokacin.

Alhamis, da safe

Jiya an hana ta barci, wai rashin barci yana jawo shi. Ni aka ba aikin hira. Na kwashe mata labarin kwastomomina kaf: wadda take zuwa da hoton kitso a waya alhali gashinta bai kai rabin yatsa ba, da wadda take barci a cinyata har da minshari. Ta yi dariya har da hawaye. Yanzu idonta ya yi ja, tana cewa cikinta yana tashi, in ba ta ayaba. Kullum haka take, yunwa tana taso mata ba lokaci.

Alhamis, da azahar

Ya zo. Na ɓata.

Alhamis, bayan magariba

Bari in rubuta, ko zuciyata ta rage nauyi.

Da azahar ta sake neman ayaba. Ina ɓare ta, na juyo, na ga idonta ya tafi. Daga nan ban san komai ba. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Na dai tsinci kaina a kan gado, zane a kanta, ni a kan zane, nas tana jan kafaɗata tana cewa, "Mama, matsa! Mama, kamara!" Maɓallin ma ban taɓa shi ba, su suka gani a allonsu suka rugo. Garin rungumar kanta na fizge wayoyin gefe guda.

Likita ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta cire tabarau ta goge, ta ce farkon rubutun ya fita, amma daidai inda suke buƙata wayoyi sun bar kai, kamara kuma bayana ta ɗauka. Ta ce, "Ba ke kaɗai ba ce, Mama, iyaye da yawa haka suke yi." Sai an jira wani.

Sai an jira wani. An rage mata magani, an hana ta barci, ta ciji harshe, jikinta duk ya yi tsami, kuma a banza.

Auta ta yi barci mai nauyi kamar yadda take yi bayansa. Da ta farka nas ta gaya mata. Ta daɗe tana kallon silin.

Ta ce, "Inna, kin san ni ban taɓa ganinsa ba?"



Ta ci gaba, "Mutanen kasuwa sun gani. 'Yan ajinmu sun gani. Ni dai in farka in ga zane. Yau da aka zo a gani don a taimake ni, bayanki aka gani."

Ba da tsawa ta faɗa ba, harshenta ma a kumbure yake. Na fita baranda na yi kukana inda ba kamara.

Juma'a, da safe

Mai wayoyi ta sake manna waɗanda na fizge. Da za ta fita ta dafa kafaɗata.

Na ce wa Auta ko in tafi gida, mijinta ya zo ya zauna. Shi yana da sanyin jini, zai bi doka.

Ta ce, "Shi in ya rufe gareji mako guda me za mu ci? Kuma ni ke nake so."

Juma'a, da yamma

Na ba surukina zannuwan nan biyu ya kai gida. Ya karɓa bai tambaya ba, mutum ne mai hankali. Jakata ta yi fayau, sai nake jin kamar na fito ba takalmi.

Na ja kujerata daga bakin gado na kai ta jikin bango, kusa da inda wayar maɓallin ta kai. Ina ta gwadawa: in tashi, in danna, in ja bargo, in koma bango. Auta tana kallona ta wutsiyar ido.

Ta ce, "Inna, masu kallon allo za su ce ke ce marar lafiyar."

Na ce su ce. Ta yi 'yar dariya. Mun shirya ke nan, ina jin.

Asabar

Shiru. Allah kai ka san abin da nake nufi.

Lahadi, da rana

Gam ya fara cin fatar kanta. Ta goshi, inda bandeji ya ɗan zame, na ga wuri ya yi ja yana ruwa. Kan da nake shafa wa mai tun yana da taushi kamar cikin hannu.

Yau ta gaji. Ba ta ci abinci ba, ba ta kunna waya ba. Gobe mako ya cika. Likita ta ce ta roƙa mana ƙarin kwana ɗaya, daga nan dole a mayar da magani a sallame mu, don ba a barin mutum haka ba iyaka.

Auta ta ce, "In ba a gani ba, Inna, ki ɗauki yaron ya koma ɗakinki. Ki yaye shi, ki raine shi. Ni in riƙa zuwa ina ganinsa."

Na ce, "Rufe mini baki. Ni na gama raino, angona ne ba ɗana ba."

Ta ce, "Ba wasa nake ba. Hannun nan ba abin yarda ba ne."

Ta ɗaga su tana kallo kamar na wani. Ina son yarinyar nan har ban san inda zan sa kaina ba. Na kama hannun na riƙe, kamara ta ɗauka in tana so.

Litinin, bayan sallar asuba

Yau na faɗa da bakina. Na ce Allah ka kawo shi yau, ka kawo shi da sauƙi, ka riƙe mini ƙafafuna.

Litinin, da la'asar

Ya zo, kuma an gani.

Muna zaune bayan azahar ta ce, "Cikina yana tashi, akwai sauran ayaba?" Na miƙa hannu cikin leda. Sai na ji ta yi shiru, wani irin shiru. Na danna. Na fizge bargo. Na koma bango na sa hannuwana a baya, na kama ƙarfen taga na riƙe gam.

Aka ce in yi magana, na yi. Muryar kamar ba tawa ba. Na ce, idonta ya tsaya. Tana taɓe baki kamar mai tauna. Hannun dama ya ƙage, na hagu yana murza zanen gado. Na ce, kanta yana juyawa dama. Nas biyu suka shigo, ɗaya tana kiranta tana cewa ta ɗaga hannu, ta faɗi sunan abin da ta nuna mata. Sannan babban ya zo, jiki duka. Suka juya ta gefe. Na ci gaba da faɗa, ina faɗa ina kuka, ban saki ƙarfen ba.

Ashe ni ma ban taɓa gani ba. Shekara goma sha biyar ina kwance a kansa, ta cikin zane nake jinsa, ban san yana farawa da baki da hannu ba. Ban san fuskarta ba ta muni ba. Fuskar Auta ce dai, kamar tana mafarki mai wahala.

Da ya lafa nas ta ce, "Mama, yanzu zo." Ban san lokacin da na isa gadon ba. Tafin hannuna har yanzu da shatin ƙarfe.

Talata, da hantsi

An mayar mata da magani tun jiya. Yau aka cire wayoyi. Mai wayoyi ta jiƙa gam ɗin da wani ruwa, duk da haka gashi ya biyo wasu. Na ƙirga gyambuna ƙanana har na daina. Ta ce kada a yi kitso sai sun warke.

Na ce, "Kin ɓata mini kai."

Ta ce, "Na dawo miki da kwastomarki, Mama, ki yafe."

Talata, bayan azahar

Likita ta kira mu ofishinta, da surukina. Ta juyo mana da kwamfuta. Layuka ne birjik kamar an ja mataji a kan yashi. Ta nuna inda suka fara hargitsewa, ta ce gefen hagu ne, sama da kunne.

Surukina ya ce, "To yanzu sai a cire?"

Ta ce a'a, da sauran tafiya. Guda ɗaya tak suka gani sosai, ba a yanke hukuncin aiki a kan guda ɗaya. Wurin kuma yana maƙwabtaka da inda magana take, sai an yi wani hoton, wataƙila ma a sake dawowa ɗakin nan. Abin da za ta iya yi yau shi ne ta canza magani ɗaya zuwa wanda ya fi dacewa da irin wannan.

Na ce, "Wato duk wannan wahalar ba waraka?"

Ta ce, "Gwaji ba ya warkarwa, Mama, nunawa yake yi. Amma ku dubi wannan."

Ta mayar da hoton baya. Ga Auta a kan gado, lafiya lau, tana cewa cikinta yana tashi. Likita ta tsayar, ta sa biro a kan layi biyu da suka ɗan fara rawa. Ta buɗe na ranar Alhamis, wanda na ɓata, farkonsa kafin in yi tsalle. Ga Auta tana neman ayaba, ga layukan nan biyu suna rawa iri ɗaya.

Ta ce, "Wannan ba yunwa ba ce. Shi ne yake ƙwanƙwasa ƙofa. A lokacin kina cikin hankalinki, kina magana, hannunki yana aiki."

Auta ta ce, "Tun ina yarinya nake jinsa. Kamar abu ya taso daga cibiya zuwa maƙogwaro."

Ni kuwa shekara da shekaru ina tura mata abinci, ina cewa ta cika ci.

Likita ta ce tazarar ba ta da yawa, amma ta isa mutum ya ajiye abin da ke hannunsa ya kwanta. Ta ce ba ta yi alkawarin kullum zai yi sallama ba. Wanka dai kada ta yi wa yaro ita kaɗai, goyo da hawa bene da shi a bari tukuna. Amma a zaune a ƙasa, da mutum a kusa, ba ta ga abin da zai hana uwa riƙe ɗanta ba.

Auta ta ce tana so ta kalli hotunan duka biyun har ƙarshe.

Na ce zan fita. Ta riƙe mini gefen riga.

Ta kalli na jiya ba ta ƙifta ba. Da ya ƙare ta ce, "Shi ke nan? Na ɗauka ya fi haka." Sannan aka sa na Alhamis. Ba abin da ake gani sai faɗin bayana da zane mai ruwan ganye, sai muryata ƙasa-ƙasa. Ta sa aka ƙara sauti. Ashe cewa nake, "Ina nan, ina nan, ba mai kallonki, ba mai kallonki."

Surukina ya sunkuyar da kai. Auta ta share ido ta ce, "Inna, ga kamara a sama kina cewa ba mai kallo."

Har likita sai da ta dara.

Alhamis, a gida

Ta yi barci kusan yini biyu. Sabon maganin yana sa ta jiri. Ina shafa mata man da aka ba mu a gyambunan, kan a tsefe kamar na marainiya. Kwastomomi suna ta aike, na ce su jira.

Ba ta ɗauke shi ba tukuna.

Asabar, da yamma

Na shimfiɗa katifa a ƙasa a tsakar ɗaki, na zagaye da matasai. Na ajiye angona a kai, na ce zan duba tukunya. Ban je ko'ina ba, ina bayan labule.

Ta daɗe tana kallonsa. Shi kuwa ya ja ciki ya kama gwiwarta, yana ta surutunsa. Ta sa hannu ɗaya a bayansa. Ta janye. Ta sake sawa.

Tukunyar ta kama, ban damu ba.

Talata

Yau ta ba shi nono da hannunta, a zaune a ƙasa, ni ina gefe ina tsintar shinkafa. Sau biyu ta ce, "Inna, karɓe shi," na karɓa, muka jira, ba komai. Na biyun ta ce, "Wannan kam yunwar gaske ce." Muka yi dariya, na zuba mata abinci.

Juma'a, da la'asar

Muna ɗaki. Yana kan cinyarta yana wasa da ɗankunnenta, ni ina gyara tsintsiya. Sai ta ce, "Inna, karɓe shi." Muryarta daidai, ba gaggawa. Ta gyara masa hula, ta miƙo mini shi, ta ja matashi, ta kwanta a gefenta na hagu.

Ya zo. Yaron yana ƙirjina, na juya masa fuska ga kafaɗata ina jijjiga shi. Na zauna kusa da kanta ina kallon agogo kamar yadda aka koya mini, ina cewa ina nan. Bai daɗe ba, bai kai na asibiti ƙarfi ba.

Ta yi barci. Na goge mata baki. Angona ma ya yi lamo a jikina.

Da ta buɗe ido ba ta san inda take ba, kamar kullum. Ta kalli silin, ta kalle ni. Sai ta zabura tana laluben cinyarta, tana laluben katifa.

Ta ce, "Ina yake? Inna, na sake shi?"

Na ce, "Ba ki sake shi ba. Da hannunki biyu kika miƙo mini shi. Har hularsa kika gyara."

Ta ce, "Rantse."

Na rantse.

Ta koma ta kwanta, hawaye yana gangara mata cikin kunne. Na bar ta. Can da jikinta ya dawo, ta tashi zaune a hankali, ta jingina da bango, ta goge tafin hannunta a zane.

Ta ce, "To ba ni shi."

Na ba ta.